Cutar da Ke Zuwa a Aljihu: Bairos ɗin Kwamfuta Daga Lahore Zuwa Dutsin-Ma

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Katsina, ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari da Ɗanmusa. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto daga cikin gari. Sai a watan Disamba aka fara maido da sabis. Kusan wata uku ke nan malamin makaranta a Shema, ko ma'aikacin lafiya a Kurfi, ko ɗalibin jami'a a Dutsin-Ma, yana da kwamfuta a ɗaki amma ba ta jin duniya, duniya ma ba ta jin ta.

An yi magana mai yawa a kan abin da matakin ya jawo wa 'yan kasuwa da masu POS da iyalan da suka daina jin labarin juna. Akwai wata tambaya da ba ta kai waɗannan nauyi ba, amma amsarta tana da tarihi mai tsawo: shin kwamfutar da aka raba da intanet ta tsira daga bairos? Hankali zai fara cewa e, domin idan ta waya cutar ke biyowa, yanke wayar ya isa magani. To amma a shekarar 2010 duniya ta ga akasin haka a tashar tace sinadarin yuraniyam da ke Natanz a ƙasar Iran. Na'urorin da ke sarrafa tashar ba a haɗe suke da intanet ba, ga kuma tsaro irin na soja, duk da haka manhajar ɓarna da aka sani da Stuxnet ta isa gare su ta lalata injuna. Masu bincike sun tafi a kan cewa a cikin filash aka shigar da ita. Abin da ya ratsa Natanz shi ne tsohon hanyar da cutar kwamfuta ta fi bi a ƙasar Hausa, wato daga hannu zuwa hannu, tsakanin mutanen da suka san juna. Katse sabis ba ya rufe wannan ƙofa. Yana ma ƙara mata zirga-zirga, domin wanda ba zai iya aika takarda ta imel ba dole ya kai ta a aljihu, kuma riga-kafin da ke kwamfutarsa ya daina samun labarin sababbin cututtuka.

Asalin abin ma a hannu ya fara. Bairos na farko da ya bazu a kwamfutocin gida da na ofis irin na IBM ya fito ne a 1986 daga wani shago a birnin Lahore na Pakistan. Wa da ƙane ne, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta shi, aka kira shi Brain. Yana maƙalewa ne a sashen farko na faifan fulofi, wurin da kwamfuta ke fara karantawa idan an kunna ta, daga nan ya haye duk wani faifan da aka saka bayansa. Ba su ɓoye kansu ba: a cikinsa suka rubuta sunayensu da adireshin shagonsu da lambobin waya. Sun ce nufinsu shi ne su gano masu kwafar manhajarsu ba da izini ba. Ba a jima ba suka fara samun kira daga Amurka da Ingila. Faifan da ba shi da ƙafa ya tsallaka teku a jakunkunan matafiya da ɗalibai.

Shekara uku bayan haka, a ƙarshen 1989, wani Ba'amurke masanin ilimin halittu mai suna Joseph Popp ya aika da faifai kimanin 20,000 ta gidan waya zuwa ga masu bincike da ma'aikatan lafiya, da sunan bayani ne a kan cutar ƙanjamau. Wanda ya saka faifan ba ya ganin komai sai an kunna kwamfutar sau 90. Daga nan sai sunayen fayil ɗinsa su rikiɗe, a nemi ya aika dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama kafin a sakar masa su. Wannan shi ne mafarin garkuwa da fayil don neman kuɗin fansa. Mutumin Katsina ta tsakiya ba ya buƙatar a yi masa bayanin waɗannan kalmomi, kuma ba za a haɗa zafin rasa fayil da na rasa ɗan'uwa ba, sai dai lissafin mai garkuwar iri ɗaya ne: yana neman abin da mai shi ba shi da madadinsa.

Duk wannan ya faru ne lokacin da kwamfuta a Arewa ba ta wuce wasu manyan ofisoshi da jami'o'i ba. Canjin ya zo a 2001. A watan Agusta na shekarar kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula, a ƙasar da layukan NITEL ɗinta ba su kai rabin miliyan ba. A watan Oktoba kuma Microsoft ya fitar da Windows XP, wanda ya zama harshen da kusan duk ɗan Nijeriya na wancan zamani ya fara koyon kwamfuta da shi. Cikin 'yan shekaru shagunan intanet da na buga takardu suka cika bakin titunan makarantu da sakatariyoyi, filash kuma ya kori fulofi.

XP yana da wata ɗabi'a da aka yi ta don sauƙaƙa wa mutane. Idan aka saka faifai ko filash, sai ya duba ko akwai wani ɗan fayil mai suna autorun.inf, ya ɗauki umarnin da ke ciki a matsayin abin da ya kamata a buɗe. Marubuta bairos ba su taɓa samun kyauta irin wannan ba. Conficker, wanda ya ɓulla a watan Nuwamba na 2008 ya kama miliyoyin kwamfutoci a duniya, ya yi amfani da ita. Sai da Windows 7 ya fito a 2009 aka rufe wannan hanya ga filash, sannan a watan Fabrairu na 2011 aka tura gyaran ga masu XP da Vista. Wanda ke sabunta kwamfutarsa ya samu. Shagon da ke aiki da XP ɗin da aka kwafa daga faifan kasuwa, ba ya kuma taɓa sabuntawa, ya ci gaba da zama yadda yake.

A wannan shekarar ta 2011 ne aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ɗaya daga cikin guda tara da gwamnatin Goodluck Jonathan ta buɗe a lokaci ɗaya, ta tarar da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a garin. Garin makaranta gari ne na takarda: jinga, kundin kammala karatu, fom ɗin rajista, takardar shaidar biyan kuɗi. Kowace takarda sai ta bi ta na'urar bugawa, na'urar kuma tana jikin kwamfuta ɗaya da filash ɗin kowa ke shiga. Ga kuma masu turi. Kasuwar fina-finan Hausa, wadda a da ke tashi daga Ƙofar Wambai a Kano a kan kaset sannan a kan faifan CD, ta koma kan memori. Matashi ya zauna da laftof a bakin kasuwa ko tasha, yana tura fim da waƙa da karatun malamai da wa'azi a kan kuɗi kaɗan. Memorin da ya shiga na'urarsa da safe zai iya kwana a kwamfutar wani gida.

Cutar da ta fi dacewa da wannan yanayi ita ce wadda kowa ya sani da bairos ɗin shotkot. Mutum zai dawo daga shagon bugawa ya buɗe filash ɗinsa ya tarar duk jakunkunansa sun koma wasu alamomi masu ɗan kibiya a gefe. Abin da ya faru shi ne an ɓoye jakunkunan na gaskiya, an ajiye na bogi masu suna iri ɗaya a wurinsu. Da ya danna ɗaya, sai bairos ɗin ya fara shiga kwamfutarsa, sannan ya buɗe masa jakar da yake nema don kada ya yi zargin komai. An rufe ƙofar da kwamfuta ke buɗewa da kanta, sai aka koma ga yatsan mai ita. Abin takaici a nan shi ne mafi yawan lokuta fayil ɗin suna nan ba a goge su ba. Umartar kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayil ya isa a gan su. Ɗalibin da bai san haka ba sai ya kai wa mai gyara, a wanke filash ɗin tas, aikin wata shida ya tafi a hannun mai magani.

Wanda ya girma a karkarar Arewa zai gane wannan tsari, domin haka kurkunu ya yi. Tafki ɗaya ne gari ke sha, mai ciwo ya tsoma ƙafa don ya ji sanyi, kowa ya ɗebo ya kai gida. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu fiye da 600,000 a Nijeriya. Babu allurar riga-kafinsa, babu ƙwayar da ke kashe shi. An kawar da shi ne da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwo shiga tafki, aikin da Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suka yi ta yawo a kansa har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da shi. Kwamfutar shagon bugawa tafki ce. Ba laifin mai shagon ba ne, kuma ba za a daina zuwa ba. Abin da ke hannun mai gida shi ne matata.

Mu kuwa sai muka fi karkata ga neman magani. Mai gyara zai loda wa kwamfuta riga-kafi biyu ko uku, Avast da Smadav na ƙasar Indonisiya da wani abin dabam, su yi ta faɗa da juna na'ura tana nauyi. Mafi muni shi ne yadda ake samun Windows da Office ɗin kansu. Ƙaramar manhajar da ake amfani da ita a karya makullinsu, sharaɗinta na farko shi ne a kashe riga-kafi kafin a kunna ta. Daga nan sai a kashe sabuntawa gaba ɗaya, wai don kada data ta ƙare ko kada kamfanin ya gane. Ina fahimtar uzurin: data tana da tsada, wuta ba ta tsayawa, kuɗin lasisi kuma albashin wani ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tarihin manyan annobobin kwamfuta tarihin tsaga ne da aka riga aka san da ita. Microsoft ya fitar da gyaran ramin da Conficker ya bi tun watan Oktoba na 2008, kafin cutar ta ɓulla. WannaCry, wanda ya tashi ranar 12 ga Mayu 2017 ya kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, gyaransa ya fito tun watan Maris. Wata biyu maganin yana ajiye.

Doka ba ta taɓa shiga wannan ɗaki sosai ba. Duniya ta san Nijeriya da lamba 419, sashen dokar laifuffuka ta Kudu da ya shafi damfara (Arewa tana da nata kundin dabam tun 1960), saboda haka hankalin hukuma ya tafi ga mai aika wasiƙar yaudara. An kafa EFCC a 2003, dokar 2006 ta wajabta wa masu shagunan intanet yin rajista da ita, dokar laifuffukan intanet kuma ta zo a 2015. Dukkansu farautar mai laifi suke yi. Babu wadda za ta dawo wa malamar firamare da sakamakon jarrabawar ajinta.

Yau ɓarawon ya fi son waya, kuma sau da yawa ba ya ma buƙatar bairos. Saƙo ne zai zo cewa an toshe BVN, ko kira daga wanda ya ce shi ɗan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne, a karanto masa lambobi shida da suka shigo yanzu. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin WhatsApp ɗin mutum, kuma da sunansa za a roƙi 'yan'uwansa kuɗi kafin magariba. Da ɗan gari akan ci gari. Kunna matakin tsaro na biyu a cikin manhajar ba ya ɗaukar minti biyu.

Ga kwamfutar gida kuwa, matatar ba ta da tsada. Filash ɗin da ke fita waje ya zama dabam, kada a ajiye komai a cikinsa sai kwafin abin da za a buga, a kuma wanke shi idan ya dawo. Inda sabis yake, aika takardar ga mai shago ta waya ya fi. Riga-kafin da ke zuwa a cikin Windows tun daga Windows 8 ya wadatar ga yawancin gidaje muddin ana barinsa ya sabunta kansa. Yara su sami nasu asusun da ba shi da ikon girka manhaja. Abin da ba za a iya rasawa ba, takardun fili, hotunan iyali, kundin digiri, ya kasance yana da kwafi a wata ma'ajiya da ake cirewa a sa a akwati, domin mai garkuwa da fayil yana kulle duk abin da ya tarar a jone.

Akwai wata rana da ta shafi kusan kowane laftof na hannu da aka sayo daga Titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja. Kamar yadda aka daina tallafa wa XP a watan Afrilu na 2014 da Windows 7 a watan Janairu na 2020, haka wa'adin Windows 10 ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da ɗan ƙarin lokaci ga waɗanda suka yi rajistar musamman. Windows 11 yana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma na'ura ta baya-bayan nan, abin da yawancin tsofaffin laftof ba su cika ba. Kamfanonin Turai da Amurka suna sauke irin waɗannan na'urori daga ofisoshinsu, kuma an san inda kayan da aka sauke ke nufa. Za su iso da araha, da kyan gani, suna aiki lafiya, ba mai sake toshe musu tsaga. Wanda ya riga ya mallaki irinsu yana iya sa masa Linux, irin su Ubuntu ko Mint, kyauta ne kuma ana sabunta su. Wanda zai saya kuwa, bayan ya gama duba batir da madannai, sai ya ce wa mai shago ya kunna masa ita ya nuna masa cewa tana ɗaukar Windows 11 ba tare da an karya mata komai ba.