Idon Wa Muke Ara a Cikin Shaihu Umar?

Daga cikin littattafan da gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ta haifar ƙarƙashin kulawar Rupert East a Zariya, babu wanda ya kai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sa mai karatu ya ji zafin da wani yake ji. Ruwan Bagaja dariya yake ba mu, Ganɗoki kuma kirarin jarumta. Shi kuwa Shaihu Umar ɗaukar mu yake yi ya sa mu a halin wanda aka raba da nasa. Sai dai tausayin da ke cikinsa yana da iyaka, kuma iyakar ta cancanci a dube ta.

Umar ne mai ba da labari, yana zaune a Rauta cikin almajiransa, ya riga ya zama malami. Dattijo ne mai magana a natse, ba ya kuka da kansa. Sace shi da aka yi yana yaro, da yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim har aka kai shi ƙasar Masar, duk yana faɗarsu kamar abin da Allah ya riga ya rubuta. Inda littafin ya fi taɓa zuciya shi ne inda Umar ya bar labarin kansa ya bi sawun mahaifiyarsa. Ga mace 'yantacciya ta fito neman ɗanta, ta amince da wani mutum mai suna Ado ya ratsa da ita hamada, shi kuma ya ci amanarta ya sayar da ita. Umar bai ga ko ɗaya daga cikin wannan da idonsa ba, amma yana ba da shi kamar yana wurin. A Tarabulus suka haɗu, wahala ta riga ta cinye ta, ba a daɗe ba ta rasu. Marubucin bai tsaya yi mana wa'azi kan bauta ba, ya bar mu da gawar kawai, kuma a ganina hakan ya fi kowace huɗuba ƙarfi.

To amma a koma farkon littafin. Makau, mijin da mahaifiyar Umar ta aura bayan rasuwar ubansa, ya fita harin bayi ne da umarnin sarki. Fadawa suka yi masa hassada, suka ce ya ɓoye wasu daga cikin waɗanda ya kamo, aka kore shi daga gari. Muna jin haushin fadawa, muna tausaya wa Makau. Su fa waɗanda aka kamo daga ƙauyukansu? Ba suna, ba murya, lissafi kawai ake yi da su kamar awaki. Kowane ɗayansu yana da uwa, wataƙila ita ma ta fito nema.

Wani zai ce ai haka zamanin yake, kuma Umar ba zai ga abin da mutanen lokacinsa ba su gani ba. Gaskiya ne, kuma Ɓalewa, wanda shekarunsa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba sa'ad da ya rubuta shi, ya yi adalci ga muryar da ya zaɓa. Amma hakan na nufin abin da littafin ke kuka a kai shi ne bautar da wanda bai kamata ba, ɗa Musulmi ɗan'uwanmu. Tambayar ko akwai wanda ya kamata a bautar, Umar bai yi ta ba, almajiransa ma ba su yi masa ba.