Yadda tallafin Gana ya tsallake babban da ke son komawa aji

Tun da gwamnatin Gana ta ninka kuɗin LEAP, tallafin da take ba gidajen matalauta, a 2023, ta sake ninka shi a 2024, gardama ta tashi kan ko kuɗin na fitar da mutum daga talauci ko lallashi ne kawai. Tambayar da ta fi shafar Nima da Maamobi, unguwannin zango na Accra, ita ce wadda ba a cika yi ba: me ya sa a duk tsare-tsaren nan babu gurbin baligin da ya bar makaranta yana son komawa? Amsar tana cikin tarihi.

Zangunan Accra sun samo asali daga fataken goro da shanu da tsofaffin sojojin Hausawa na ƙarshen ƙarni na 19, Nima kuma ta kafu wajen shekarun 1930 a kewayen Malam Amadu Futa, ta cika maƙil bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tallafin lokacin maigida ne da zakka da sarkin zango. Akan ce mutanen zango sun gudu daga boko ne don tsoron makarantun mishan, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma wannan bayani bai isa ba. Al'ummar da magidanci mai furfura ke rufe shago ya zauna gaban malami da littafinsa bayan magariba ba za a ce ta ƙi ilimi ba. Kuma tun 1987 aka kafa sashen makarantun Islamiyya a hukumar ilimi ta ƙasa, aka haɗa Larabci da boko a aji ɗaya, duk da haka yara ba su daina barin aji ba. A ganina abin da ke raba mutum da karatu a zango shi ne cinikin yini: ranar da bai fita ba, ba a ɗora tukunya. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamba 1969, wadda ta ba marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, ta ƙara dasa wannan tunani, don wanda bai da tabbacin zama ba ya zuba shekara goma a takardar shaida, sana'ar hannu yake kamawa.

Gwamnatoci kuwa sun ɗauki matsalar a matsayin ta kuɗin makaranta kaɗai. Nkrumah ya mai da firamare kyauta kuma dole a 1961. A 2005 aka zo da kuɗin kowane ɗalibi da ciyarwa a makarantu, a Satumba 2017 Akufo-Addo ya buɗe babbar sakandare kyauta. Duk alheri ne, amma duk na yaro ne. LEAP ma da Kufuor ya fara a 2008, da darasin da aka ɗauko daga Brazil, an gina shi ne don tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama, da masu naƙasa mai tsanani, da masu riƙon marayu, daga baya aka ƙara masu ciki da masu goyo. Inda makaranta ta shigo cikin sharuɗɗansa, ta yaran gidan ce. Uwar da ke karɓar kuɗin, wadda ta tsaya a ƙaramar sakandare aka aurar da ita, tsarin yana kallonta a matsayin mai kai yaro aji, bai taɓa ganinta ɗaliba ba. Sidi 64 da gida mai mutum ɗaya da ya cancanci tallafin yake samu duk wata biyu kafin 2023, ko 256 da ya koma a 2024, ba zai maye ribar mai sayar da waakye (shinkafa da wake) ko koko ba idan ta ajiye tukunya ta ɗauki alƙalami. A 2018 hukumar ilimi ta fitar da ƙa'idar barin 'yan mata su koma makaranta bayan haihuwa, a 2020 aka kafa hukumar ilimin cike giɓi da ta gaji aikin yaƙi da jahilci. An buɗe ƙofa, amma ba a tanadi abincin gida ko mai rainon jariri ba, kuma wannan giɓin ne ke cinye niyyar mutane.

Za a ce aljihun gwamnati a bushe yake, ga bashin IMF a wuya. Gaskiya ne, sai dai ƙasar nan ta daɗe da yarda cewa babba mai karatu na bukatar alawus: na ɗaliban koyon malanta da na jinya da aka soke, gwamnati ta dawo da su a 2017 bayan sun zama maganar zaɓe. Bambancin kawai shi ne waɗancan na da murya. A shekarar ne kuma aka kafa Ma'aikatar Raya Zanguna da Asusun Raya Zango, inda ya fi dacewa a gwada irin wannan alawus, amma hankali ya fi karkata ga magudanai da fitilu da filayen ƙwallo, ma'aikatar kuma ba ta wuce 2021 ba. Hanyar biyan kuɗi ta LEAP tana nan, rajistar gidajen tana nan. Abin da ya rage shi ne ƙarin kuɗi na wa'adin karatu ga mai karɓar da ta yi rajista a aji, da tabbacin ba za a cire ta daga jerin ba sai ta kammala.