Shinge da Bindiga: Tarihin Farautar Gandu da Annobar Aladen Daji a Amurka

Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 1902, Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya fita farauta a dazuzzukan Jihar Misisifi. Abin da ake nema shi ne beyar, watau wata ƙatuwar dabba mai gashi da manyan farata wadda babu irinta a dazuzzukan Afirka a yau. Jagoran farautar, wani shahararren maharbi baƙar fata mai suna Holt Collier, ya sa karnuka suka rutsa wata beyar, ya make ta, ya ɗaure ta a jikin itace, sa'an nan aka kira Shugaba ya zo ya harba. Roosevelt ya ƙi, domin a ganinsa harbin ɗaurarriyar dabba ba farauta ba ce. Amma da ya ga irin raunin da ta samu, sai ya ba da umurni a ƙarasa ta don ta huta.

Masu ba da wannan labari sun fi riƙe rabinsa na farko. Alhali kuwa hukunci biyu aka yanke a wannan rana, kowane da ƙa'idarsa. Na farko hukuncin farauta ne, wanda ya ce a bar wa dabba hanyar tsira. Na biyu hukuncin larura ne, wanda ya ce in kisa ya zama tilas, to a gaggauta shi. Wannan lacca za ta bi tarihin aladen daji a Amurka domin nuna abin da ya faru sa'ad da aka cakuɗa waɗannan hukunce-hukunce biyu, aka kuma sa kuɗi a tsakaninsu.

Asalin gandun farauta

Killace namun daji don sarki ya harba tsohuwar al'ada ce. Sarakunan Farisa na dā suna da manyan lambuna masu katanga, cike da itatuwa da dabbobi. Masana harsuna sun nuna cewa daga sunan irin wannan lambu a tsohon Farisanci ne kalmar Firdausi ta samo asali. A wani dutse da ake kira Taq-e Bostan, kusa da birnin Kermanshah na ƙasar Iran, akwai wani sassaƙe na zamanin daular Sasaniyawa. Yana nuna sarki tsaye cikin kwalekwale da baka a hannu, giwaye suna koro masa aladen daji cikin fadama, ga kuma shinge ya kewaye wurin duka.

A Ingila ma haka abin ya kasance. Wajen shekarar 1079 Sarki Wiliyam, wanda ya ci ƙasar da yaƙi a 1066, ya keɓe dajin da ake kira New Forest don farautarsa, ya kuma kafa doka mai tsanani a kan bareyi da aladen daji, har ana makantar da talakan da ya kashe barewar sarki. Sai a 1217 wata yarjejeniya ta soke hukuncin kisa da na nakasa jiki a kan wannan laifi. Su kuma hakimai da manyan masu ƙasa suka riƙa kewaye nasu gandayen da rami da shingen itace. Ke nan tun farko shinge yana aiki biyu: yana tsare dabba a ciki, yana kuma tsare talaka a waje.

Turawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da ƙyamar wannan tsari. A can aka kafa ƙa'idar cewa namun daji na jama'a ne baki ɗaya, hukuma tana riƙe da su amana. A 1887 Roosevelt da abokinsa George Bird Grinnell suka kafa ƙungiyar maharba ta Boone and Crockett, wadda ta yaɗa aƙidar farauta bisa adalci. Ƙungiyar ba ta shigar da dabbar da aka harba cikin shingen da ba shi da mafita a littafinta na bajinta.

Yadda alade ya shiga Amurka

Ya kamata a lura cewa aladen dajin da ake magana a kansa ba gadu ba ne, wanda maharban Afirka suka sani. Jinsinsa ɗaya da aladen gida, kuma kafin zuwan Turawa babu shi a nahiyar Amurka. Kolumbus ne ya kai aladu tsibiran Karibiyan a tafiyarsa ta biyu a 1493. A 1539 Hernando de Soto, mutumin Sifen, ya sauka a Fulorida da ƙaramin garke a matsayin guzurin mayaƙansa, waɗansu suka ɓace a hanya. Bayan haka, shekara da shekaru manoman kudancin Amurka suna sakin aladunsu su yi kiwo a daji, da yawa kuma ba su komo gida ba.

Shigowa ta biyu ita ce ta masu gandun farauta. A farkon shekarun 1890 wani attajiri mai suna Austin Corbin ya kewaye fili fiye da eka 20,000 a Jihar New Hampshire, ya zuba aladen daji na asali da aka kawo daga Jamus. Guguwar 1938 ta karya shingen, waɗansu suka fita. A 1912 kuma George Gordon Moore ya kawo kimanin aladu 14 daga Turai zuwa wani tsauni mai suna Hooper Bald a Karolina ta Arewa, domin nishaɗin baƙinsa. A farkon shekarun 1920 aka shirya farauta da karnuka a cikin shingen, aladun suka firgita, suka fasa shi suka shiga duwatsu. Can suka haɗu da aladen gida da suka gudu, suka hayayyafa. Zuriyarsu ta shiga babban gandun dajin ƙasa na Great Smoky Mountains, inda ma'aikata suka fara yaƙi da su a 1959, suka kuma cire fiye da 10,000 ba tare da sun ƙare ba. Shi dai wannan Moore ɗin ne ya sake kai irin aladun gonarsa da ke Kalifoniya cikin shekarun 1920. A shekarun 1930 masu garake a Teksas su ma suka shigo da nasu don farauta.

Girman ɓarna

Alade dabba ce mai saurin haihuwa. Macen tana iya ɗaukar ciki tun ba ta cika shekara ba, cikin yana ɗaukar kwana 115 ko kusa da haka, tana haihuwar 'ya'ya biyar ko shida, wani lokaci sau biyu a shekara. Saboda haka masana suka ƙiyasta cewa sai an kashe wajen kashi 70 cikin 100 kowace shekara kafin yawansu ya tsaya cik. A 1982 jihohin da ke da aladen daji ba su kai 20 ba. Bayan shekara 30 sun zarce 30. A 2014 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta kafa shiri na musamman da dala miliyan 20 don yaƙi da su. Ƙiyasin da ta bayar shi ne aladu fiye da miliyan 6, da asarar dala miliyan 1,500 ko fiye a kowace shekara.

Garke guda yana iya tone gonar masara ko ta gyaɗa cikin dare ɗaya. Suna cinye ƙwan tsuntsaye da na kunkurun teku, suna kama 'yan raguna, suna gurɓata rafuka, suna kuma ɗauke da cututtukan da ke kama dabbobin gida da mutane. Manomin da ya wayi gari ya tarar da shukarsa a tone ba ya bukatar wanda zai gaya masa cewa kisan nan larura ne.

Amma alade ba ya tsallake jihohi uku da ƙafarsa cikin 'yan shekaru. Binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar da cewa mutane ne suke kama aladu, su loda su a mota, su sake su a sababbin wurare domin su sami abin farauta kusa da gida, ko abin sayar wa baƙi.

Hanyoyi biyu

Jihar Teksas ta bi hanyar sakin mara ga maharba. A 2011 ta halatta wa mutum ya biya kuɗi ya hau jirgi mai saukar ungulu ya harbi aladu daga sama. A 2019 ta soke bukatar lasin farauta ga mai kashe su a filin da mai shi ya yarda. Sana'a ta bunƙasa ƙwarai, aladu kuwa ba su ƙare ba. Dalili a fili yake: mai gandun da baƙi ke biyansa don su harbi alade ba zai so aladen ƙarshe ya mutu ba. Ba a ba kura ajiyar nama. Har ila yau maharbi ɗaya yakan kashe ɗaya ko biyu cikin garke, sauran su warwatse, su koyi wayo, su koma fita da dare. A sansanin soja na Fort Benning da ke Jojiya, a 2007 aka sa lada a kan kowace wutsiyar alade. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa yawansu ƙaruwa ya yi, domin abincin da maharba ke zubawa don jawo su ya zama kiwo a gare su.

Waɗansu jihohi suka bi akasin haka, abin da ya ba mutane da yawa mamaki. Kansas ta hana farautar alade don nishaɗi a 2006. Tennessee ta cire shi daga jerin namun farauta a 2011. Missouri ta hana farautarsa a filayen hukumar kare namun daji a 2016. Hujjarsu ita ce, in babu riba babu daɗi, ba wanda zai wahalar da kansa ya yi safarar alade. Aikin kisan sai aka danƙa shi ga ma'aikata masu kafa babban tarko wanda ke rufe garke duka a lokaci guda.

Misali mafi bayyana shi ne na tsibirin Santa Cruz a gaɓar Kalifoniya. Aladun da aka kai can a ƙarni na 19 sun jawo gaggafa, wadda ta zo cin 'ya'yansu ta kuma haɗa da wani ƙaramin yanyawa da babu irinsa ko'ina a duniya, har yawansa ya sauko ƙasa da 100. Daga 2005 zuwa 2006 aka raba tsibirin da shinge kashi biyar, ƙwararrun maharba daga Niyu Zilan suka bi kashi bayan kashi suka kashe aladu 5,036. Masu kare haƙƙin dabbobi sun kai ƙara kotu, ba su yi nasara ba. A 2016 aka cire yanyawan daga jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. A nan ma an harbi dabba cikin shinge ba tare da an bar mata mafita ba, kamar dai a gandun Corbin. Bambancin shi ne a tsibirin an yi kisa sau ɗaya aka gama, a gandu kuwa ana kiwon dabba ne domin kisan ya ɗore.

Haƙƙin aladen kansa

Masu gandu suna da tasu hujja. Suna cewa fili nasu ne, dabba tasu ce, kuma wadda ta rayu cikin eka dubbai ta fi wadda aka tsare a keji jin daɗi. Suna ƙarawa da cewa tsofaffi da naƙasassu a nan kaɗai suke iya farauta. Hujjar tana da ƙarfi gwargwadon faɗin gandun, tana kuma raunana yayin da shinge ya matso. Ƙarshen wannan hanya ya bayyana a 2005, lokacin da wani mai gandu a Teksas ya haɗa bindiga da kwamfuta don mutum ya harbi dabba ta intanet yana zaune a ɗakinsa. Maharba da masu kare dabbobi, waɗanda ba safai suke shan inuwa ɗaya ba, suka haɗu suka yi tir da abin, jihar kuma ta haramta shi a wannan shekara. Tun kafin nan, a 2000, jama'ar Montana sun kaɗa ƙuri'ar hana biyan kuɗi don harbin killatattun namun daji.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren. Da zarar an kira dabba annoba, sai mutane su ga kamar kome aka yi mata daidai ne. Ana harbi daga sama a bar masu rauni suna ja da ciki, ana kashe uwa a bar 'ya'ya su mutu da yunwa. A 2017 Teksas ta amince da wata guba mai sa jini ya tsinke, wadda ke ɗaukar kwanaki kafin ta kashe, har suka ta yi yawa kamfanin ya janye ta a wancan lokaci. Ga Musulmi, wanda addininsa ya haramta masa naman alade, wannan batu yana da muhimmanci na musamman. Shari'ar da ta haramta cinsa ita ce ta hana a ɗaure mai rai a mai da shi abin gwajin harbi, ita ce kuma ta yi umurni da kyautatawa ko a wajen kisa. Haramcin nama bai zama izinin azabtarwa ba. Aladen bai kawo kansa Hooper Bald ba, a jirgin ruwa aka kawo shi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa farauta da kisan larura ayyuka ne biyu, kowane da mizaninsa. Ana auna mafarauci da irin damar da ya bar wa dabba. Ana auna mai kisan larura da saurin aikinsa, da ƙarancin azabar da ya jawo, da kuma ko yana fatan ranar da aikin zai ƙare. Gandun aladu mai karɓar kuɗi ya fāɗi a mizani na farko saboda shingensa, ya fāɗi a na biyu saboda ribarsa. Manomi yana kwana gadin gona, alade yana shan harsashi, mai gandu yana ƙirga kuɗi: kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Duk hukumar da aka zo wa da shawarar shigo da baƙuwar dabba don nishaɗi, tare da alkawarin cewa shinge zai riƙe ta, ya kamata ta tuna da aladu 14 na shekarar 1912.