Hannun da Ya Gina Ɗakin Amarya a Durun da Yammacin Kano

A yau idan aka sa ranar aure a Durun, ko a Garo, Gude da Godiya cikin ƙaramar hukumar Kabo, ko a Getso da Kutama ta ɓangaren Gwarzo, abin da ke fara hana uban yarinya barci shi ne kayan ɗaki. Zai sayar da hatsin da ya ajiye, ko ɗan bijiminsa, wani ma ya jinginar da gona, a hau mota a bi titin Gwarzo zuwa Kano, a yi Kasuwar Rimi da Sabon Gari da Kantin Kwari, a dawo da gado da katifa da kujeru da setin kwanuka. Mun saba da wannan har muna ganin haka aka gada tun kaka da kakanni, alhali al'adar sayen ɗaki dungurungum daga kasuwa ba ta cika shekara ɗari ba. Kafin nan yawancin abin da sabon gida yake buƙata hannun 'yan gida da na maƙwabta ne ke yin sa, a hankali, cikin shekaru. Ra'ayina shi ne asarar da muka yi ta wuce ta ƙwarya da tabarma. Mun bar iyawar da ke sa matashi da amaryarsa su fara zama ba tare da bashi a wuyan kowa ba, kuma wani sashe na wannan iyawa yana nan, ana iya dawo da shi.

Shaida a kan yadda ƙasar Kano ta kasance ba ta da wuyar samu. A watan Fabrairun 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga ƙasar a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Abin da ya fi burge shi kuwa shi ne ba a manyan masana'antu irin na Turai ake wannan aiki ba, a cikin gidaje ake yi, iyali na cin abinci da shi ba tare da sun rabu da zaman gidansu ba. Masu yabon birni sukan tsaya a Kurmi da marinar Ƙofar Mata, amma binciken da Philip Shea ya yi a shekarun 1970 ya nuna cewa ƙarfin rini da saƙa yana garuruwan karkara ne, irin su Kura da Bunkure da Zarewa. Zarewa kuwa nan yamma take, a ƙasar Rogo, ba nisa da Karaye da Gwarzo. Kusa da ita aka haifi Baba mutuniyar Karo wajen 1877, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954. A bakinta ana jin kaɗi da saƙa da rini a matsayin aikin yau da kullum, ana kuma jin yadda dangi ke haɗa wa amarya kayan ɗakinta. Durun na cikin wannan yanki mai auduga da dawa da ɗorawa.

Yana da kyau a dubi yadda ake yin ɗakin kansa a da. Ango da abokansa ne ke kwaɓa ƙasa su yi tubali da rani, magini ya ɗora, a yi gayya a ɗaga jinka a baibaye ta, ko a shimfiɗa azara idan soro ne. A kewaye gida da danga ko zanar gamba. Daga nan aiki ya koma hannun mata. Ranar daɓe sukan taru, a zuba tsakuwa da jar ƙasa, kowacce ta durƙusa da madaɓinta suna bugu tare, waƙa na daidaita musu hannu, ana yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa. Idan ya bushe sai ƙasan ɗakin ta yi duhu-duhu tana sheƙi, ta yi taurin da ruwa ba ya saurin cin ta, tsintsiya kuma ba ta tayar da ƙura. Sannan a yi jere: ƙore manya da ƙanana da aka fafe daga duman da aka shuka a bayan gida, wasu an yi musu zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, a rataye wasu a ragaya. Akushi da turmi da taɓarya da muciya daga masassaƙi, randa da tulu da tukunyar tuwo daga maginiya, gwado daga masaƙi. Faifai kuwa aikin uwa da gwaggo ne, ana naɗa kabar da aka rina ja da baƙi a kan damin ciyawa siriri, basilla na hudawa, zagaye bayan zagaye, har ya kai faɗin bakin ƙwarya.

Abin lura na farko a nan shi ne lokaci. Ba a wata ɗaya ake haɗa waɗannan kaya ba. Tun yarinya na 'yar shekara bakwai ko takwas uwarta ke gurzar auduga, ta shiɓe, ta kaɗa da mazari, ta sayar da zare ta sayi tasa ɗaya ta ajiye, ko ta ba masaƙi ya saƙa mata zane. Kuɗin adashi da gudummawar biki su cike sauran. Nauyin ya rarrabu a kan shekaru da kuma hannaye da yawa, shi ya sa bai karya kowa ba. Na biyu, kusan duk abin da ke ɗakin kayan aiki ne. Amarya ta tare da turminta da mazarinta da kaskon suyarta, wato ta tare da jari. Tana iya fara yin fura ko ƙuli-ƙuli ko kaɗi, ribar kuma tata ce, domin shari'a da al'ada sun haɗu a kan cewa dukiyar mace ba ta miji ba ce. Polly Hill, wadda ta yi nazari a Batagarawa sannan a Dorayi, ta nuna yadda cinikin da mata ke yi daga cikin gidajensu yake riƙe da babban sashe na tattalin arzikin ƙauye, ko da yake wanda ya tsaya a ƙofar gida ba zai gan shi ba.

Rushewar wannan tsari ba lalaci ne ya kawo ta ba, kuma bai kamata a ɗora wa matan yanzu laifi ba. Turawa sun ci Kano a 1903, haraji ya koma na tsabar kuɗi, jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912. Jirgin da ke tafiya da gyaɗa da auduga shi ke dawowa da yadi da kwanon tasa da fitila. Audugar da a da mace ke kaɗawa a tsakar gida ta koma ta kan sikeli, ana kai ta injin gurza a Funtuwa da Malumfashi. Da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu kuma suka biyo baya a Kano, zaren mazari ya rasa mai saye, kaɗi ya mutu cikin ƙarni ɗaya, alhali shi ne sana'ar da ta fi kowacce yawan mata. Kwanon fenti, wanda aka fara shigo da shi daga waje sannan aka riƙa ƙera shi a Legas da Bompai, ya kori ƙwarya daga jere. Zamanin kuɗin fetur na shekarun 1970 ya yaɗa gadon ƙarfe mai rumfa da kabad, bayansa roba ta mamaye komai, daga buta har tabarma.

Amma ko a zamanin kwalla da samira akwai sauran hikima. Barbara Cooper, a littafinta kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda jeren mata ya tashi daga ƙwarya ya koma kwano, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kwallar da ke bango ajiya ce. Idan rashin lafiya ta zo, ko auren ƙanwa, mace ta sauke seti ɗaya ta sayar, sau da yawa ba tare da faɗuwa ba. A gwada wannan da gado da kujerun da ake yayi yanzu, na katakon da aka matse daga gari aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Damina biyu a ɗakin da ke da danshi sun isa su kumbura shi, gara ta ƙarasa, idan kuma aka kai shi kasuwa ko rabin kuɗinsa ba ya dawowa. Uba ya sayar da abin da ke haihuwa ya sayi abin da ke ruɓewa. Wannan tsada ce ke jinkirta aure a gidaje da yawa, tana kuma cikin abin da ya sa gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisbah a 2012, har a watan Oktoban 2023 aka ɗaura auren gata 1,800 a lokaci guda, gwamnati na ba da gado da katifa da ɗan jari. Taimako ne na gaske, sai dai babu gwamnatin da za ta iya yi wa kowace 'ya kayan ɗaki.

Mai ƙalubale zai ce wannan begen jiya ne kawai. Bokitin roba ya fi tulu sauƙin ɗauka, ba ya fashewa, ya fi araha, kuma macen da ta kwana uku tana saƙa tabarmar kaba ba za ta sayar da ita a farashin da zai biya wahalarta ba. Gaskiya ne, kuma ba mai hankalin da zai ce a koma kaɗa zare don a yi zanen ɗaurawa. To amma a duba abin da ya ƙi mutuwa. Har gobe randar ƙasa na sanyaya ruwa a garin da wutar lantarki ba ta zama. Turmi da muciya da maburgi ba su sami magaji ba. Faifai ya canja kaya, yanzu har da zaren buhu da leda ake naɗa shi, ana kuma saye. Ɗinkin hula na hannu yana ciyar da ɗimbin mata da 'yan mata a ƙauyukan Kano. Maƙera sun koyi narka gwangwani da tsohon alminiyum su zuba tukunya, sana'ar da kakanninsu ba su sani ba. Ashe aikin hannu yana rayuwa duk inda ya fi na kanti inganci ko sauƙi, kuma a nan ne ya kamata sabon gida ya sa ƙarfinsa: zanen gado da labule da rigar filo a keken ɗinki, hula da safar jariri da kwarashi, murhun laka mai cin itace kaɗan, akurkin kaji, benci da kanta daga kafintan gari da katako na gaske, yaɓen katanga kafin damina.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi. Binciken Enid Schildkrout a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna cewa tallan da yara mata ke yi yana cikin hanyoyin tara kuɗin kayan ɗaki, kuma kowa ya san talla ta hana yara da yawa zama a aji. Idan dawo da sana'ar gida na nufin ɗora wa yarinya faranti a ka daga safe zuwa magariba, to ba na goyon bayansa. Sai dai a lura, abin da ke tura yarinya talla shi ne neman kuɗin sayen kayan kanti. Duk abin da aka yi a gida ya rage kuɗin da za a nema a titi. Koyon saƙa ko ɗinki da yamma a gefen uwa bai taɓa hana kowa makaranta ba. Saura gori, wanda shi ne ainihin abin da iyaye ke tsoro: kada dangin miji su leƙa ɗaki ranar jere su taɓe baki. Wannan ba ya da magani sai daga gidan angon. Idan uwar miji ta ce a gaban mata ta gamsu da abin da aka kawo, ba wanda zai ƙara magana.

Akwai kuma matsalar kayan aikin. Goruba da giginya da ɗorawa sun yi ƙaranci a gonaki saboda sara, gamba na ja da baya yayin da ake nome kowane fili, matan da suka iya daɓe da zanen ƙwarya kuwa tsufa ya kama su. Ga shugabannin ƙananan hukumomin Kabo da Gwarzo, da dagatai da masu unguwanni, da malaman Islamiyyun matan aure, wannan aiki ne da ba ya buƙatar kasafin miliyoyi: a ware yini ɗaya a mako tsofaffin da suka iya su koya wa amare da 'yan mata, a hana saran goruba da ɗorawa, a ba kafintoci da maginan tukwane na gida aikin kayan auren gata maimakon a kwaso daga birni. Iyayen da ke da 'ya 'yar shekara goma a Durun kuwa, su fara tanadin ɗakinta tun bana, su kuma koya mata abin da za ta yi da hannunta idan ta shiga cikinsa.