Daular Birtaniya a Tsofaffin Fina-finan Tarihi

Tsofaffin fina-finan Daular Birtaniya su ne hotuna masu motsi da hukumomin mulkin mallaka da kamfanonin labarai da 'yan mishan suka ɗauka a ƙasashen da Ingila ta mallaka, tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa miƙa Hong Kong ga ƙasar Sin a 1997. Akasarinsu suna ajiye a Ingila, a taskar cibiyar fina-finai ta BFI da ta gidan tarihi na Imperial War Museum. A 2014 kamfanin British Pathé ya ɗora fina-finai kimanin 85,000 a YouTube, ciki har da labaran ƙasashen da aka mallaka. Masana tarihi suna kafa hujja da su, amma da hattara, domin mai mulki ne ke riƙe da kyamarar.

Zamanin ƙarfi

Fina-finan farko na nuna isa ne da ƙasaita. Fitaccen misali shi ne babban taron Delhi na 1911, inda aka ɗauki sarakunan Indiya, cikin hoto mai launi, suna mubaya'a ga Sarki George na Biyar. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya fina-finai mai suna Colonial Film Unit ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in kiwon lafiya a Najeriya. Sellers ya ɗauka cewa ɗan Afirka ba ya iya bin hoto mai sauri, saboda haka aka riƙa yin fina-finan a hankali, da darasi guda ɗaya: mai wayo da ya bi shawarar hukuma, da wawan da ya ƙi.

A Arewacin Najeriya ta hanyar majigi waɗannan fina-finai suka isa ga jama'a. Mota kan tsaya a ƙofar fada ko filin kasuwa, a kafa farin allo, a tayar da inji bayan magariba, mai bayani yana fassarawa da Hausa ta lasifika.

Alamun faɗuwa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu salon ya canza. Aka rage nuna faretin soja, aka koma kan asibiti da makaranta da noman zamani. Fim ɗin Daybreak in Udi na 1949, wanda ya ba da labarin gina gidan haihuwa a ƙasar Ibo, ya ci kyautar Oscar a 1950. A watan Nuwamba na 1949 ɗin ne kuma 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu, ba nisa da Udi.

Irin wannan saɓani tsakanin fim da zahiri ya faru a Kenya ma. Fina-finan labarai sun nuna 'yan Mau Mau, masu yaƙi da mulkin mallaka, a matsayin 'yan ta'adda, ba su nuna azabar da aka gana wa tsararru ba, irin ta sansanin Hola inda aka kashe mutum 11 da duka a 1959. Sai a 2013 gwamnatin Ingila ta amince ta biya 'yan Kenya 5,228 diyyar fam miliyan 19.9.

Bukukuwan 'yancin kai, irin na Gana a 1957 da na Najeriya a 1960, an ɗauke su tamkar kyauta ce Ingila ta bayar cikin girma da arziki. A daidai wannan lokaci jami'anta na ƙona takardun sirri a ƙasashe da dama, wasu kuma suna kwashe su zuwa gida.

Abin da aka gada

A 1948 aka buɗe makarantar koyon ɗaukar fim a Akara, wadda ta horar da 'yan Gana da 'yan Najeriya. An rufe Colonial Film Unit a 1955, amma gwamnatocin da suka karɓi mulki sun ci gaba da amfani da majigi wajen wayar da kan jama'a.

Darajar fina-finan a yau ta wuce manufar waɗanda suka ɗauke su. A cikinsu ana ganin sutura da gine-gine da sana'o'in da suka ɓace, da fuskokin talakawan da ba a rubuta sunayensu ba. Sai dai haƙƙin mallakar yawancinsu na hannun cibiyoyin Ingila, kuma mai shirya fim a Kano ko Nairobi sai ya biya kuɗi kafin ya yi amfani da hoton kakanninsa. Wannan ne ya sa masana a Afirka ke kira da a mayar da kwafinsu ga ƙasashen da aka ɗauke su.