Fanshon tsofaffi: a ba kowa, ko sai an bincika abin hannunsa? Tarihin wata gardama a Birtaniya

Yau za mu leƙa Birtaniya, inda aka fi shekara ɗari ana jayayya kan tambaya guda: kuɗin da gwamnati ke ba tsofaffi, a ba duk wanda ya tsufa ne, ko kuwa sai an duba abin da ya mallaka, a ba maras shi kaɗai?

A 1908 majalisar ƙasar ta yi dokar farko ta fanshon tsofaffi, aka fara biya a gidajen waya a watan Janairun 1909. Sai mutum ya kai shekara 70 sannan zai samu, kuɗin kuma sule biyar ne a sati. Amma akwai sharaɗi. Wanda abin da yake samu a shekara bai wuce fam 21 ba, shi ake ba sule biyar cif. In ya ɗara haka sai a riƙa rage masa, in ya wuce fam 31 da sule 10 kuwa ko anini ba zai gani ba. Har halin mutum ana dubawa: wanda ya yi zaman kaso bai daɗe ba, ko wanda aka sani da ƙin aiki alhali yana da lafiya, an cire shi. Duk da haka tsofaffi fiye da rabin miliyan suka samu a shekarar farko.

Wani abu ya faru a Ayalan, wadda a lokacin take ƙarƙashin Birtaniya, da zai tuna mana da gida. Can ba a fara rubuta haihuwar kowa a hukumance ba sai 1864, don haka tsofaffi da yawa ba su da takardar da za ta nuna sun kai 70. Sai aka riƙa tambayarsu ko suna tuna daren wata babbar iska da ta yi ɓarna a Janairun 1839. Kun ga dai yadda iyayenmu ke lissafin shekarunsu da shekarar yunwa ko ta fari.

Abin da ya ɓata sunan binciken abin hannu ya zo a 1931, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe. A wannan karon marasa aikin yi aka ɗora wa shi. Ma'aikacin gwamnati zai shigo gida ya ƙirga kayan ɗaki, ya tambayi abin da ɗa ko ɗiya ke samu, sannan a rage wa uba taimakon da ake ba shi. Samari suka riƙa barin gidan iyayensu don kar a yanke wa mahaifi kuɗinsa. Wanda ya yi ɗan tattali ya ajiye wani abu, shi aka fi hukuntawa. Mutane ba su manta da wannan wulaƙanci ba.

Shi ya sa a 1942 William Beveridge ya fitar da rahotonsa da ya ce kowa ya riƙa zuba kuɗi yana aiki, in ya tsufa a biya shi a matsayin haƙƙinsa ba tare da an leƙa aljihunsa ba. Aka fara aiki da tsarin a watan Yulin 1948. Sai dai kuɗin bai isar wa talaka ba, dole aka bar wani ƙarin taimako na daban wanda sai an yi bincike ake bayarwa. Na yanzu shi ne Pension Credit, wanda aka kawo a 2003. Lissafin gwamnatin da kanta ya nuna wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka cancanta ba sa nema, wasu don kunya, wasu don wahalar cike takardu, wasu ma ba su san da shi ba.

To, masu son a dawo da binciken su ma suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Fanshon gwamnati na cinye wa Birtaniya fiye da fam miliyar 100 a shekara, mutane suna ƙara tsawon rai, matasa masu biyan haraji kuma suna tambayar dalilin da zai sa a ba attajiri abin da aka ba matalauciyar tsohuwa. Suna nuni da Ostareliya, inda har yau sai an duba kuɗin shigar mutum da kadarorinsa kafin a ba shi fanshon gwamnati.

A Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta gwada abin a kan kuɗin ɗumama ɗaki lokacin sanyi, fam 200 zuwa 300, wanda da ake ba kowane gidan tsofaffi. Ta ce daga yanzu sai masu ƙaramin ƙarfi. Tsofaffi wajen miliyan 10 suka rasa. Ƙorafi ya yi yawa har a Yunin 2025 gwamnati ta janye, ta maido wa duk wanda abin da yake samu bai wuce fam 35,000 a shekara ba. Tsibirin Moris ma, a nan Afirka, ya taɓa ɗora bincike kan fanshon tsofaffinsa a 2004, aka soke shi a 2005 bayan an canza gwamnati.

Me ya haɗa mu da wannan? A Nijar wanda ya yi aikin gwamnati yana karɓar fanshonsa a CARENI, na kamfani kuma a CNSS. Manomi, makiyayi, mai tuya a bakin tasha da ɗan kasuwa, wato yawancin tsofaffinmu, ƴaƴansu ne fanshonsu. Binciken abin hannu kuma mun san shi, tunda da aka zo da shirin tallafin jika goma a wata ga gidaje marasa ƙarfi, sai da aka bi ƙauyuka ana tambayoyi ana rubuta suna, kuma duk inda aka ɗauki wani gida aka bar na kusa da shi sai an yi gunaguni.

Ranar da ƙasarmu za ta yi shawarar ba tsofaffi wani abu duk wata, wannan tambaya ce za ta taso. Ƙasashe irin su Botsuwana da Namibiya sun zaɓi shekaru su zama babban sharaɗi. Bincike yana rage wa baitulmali nauyi, amma tarihin Birtaniya ya nuna cewa mabukacin da ke jin kunyar nema shi ne yake faɗuwa ta ramin rariya. Mu da yawancin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, dukiyarsu kuma akuya ce da rumbun hatsi, wa zai auna, kuma da wane mudu? Ku faɗi ra'ayinku. Allah Ya ba mu ikon riƙe iyayenmu da mutunci.