Wane Ne Abokin Gaba? James Bond, Daraktocinsa da 'Yan Kallon Nima

A shekarar 1965 Shugaba Kwame Nkrumah ya wallafa littafinsa a kan sabon salon mulkin mallaka. A cikinsa bai tsaya ga bankuna da kamfanonin haƙar ma'adinai ba, har gidan sinima sai da ya taɓo. Ya koka da yadda finafinan Hollywood suke mayar da ɗan sanda da ɗan leƙen asiri jarumai, ɗan gwagwarmaya kuwa a mayar da shi mugu, alhali 'yan kallon Afirka suna tafi. A shekarar ce kuma aka saki Thunderball, fim na huɗu a jerin finafinan James Bond. Ba a jima ba, ranar 24 ga Fabrairu 1966, sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnatinsa yana kan hanyar zuwa Hanoi. Ga mutanen Akara, birnin da Hausawan Zango suke kira Ankara, leƙen asiri bai taɓa zama labarin majigi kaɗai ba.

Zango da majigi

Nima ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami fili daga wajen Gawa masu ƙasar. Unguwar ta bunƙasa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da masu neman aiki suka yi ta kwararowa saboda sansanin sojojin Amurka da ke kusa da filin jirgin sama. Daga baya Maamobi ta tsiro a gefenta. Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Dagombawa da Farafara suka zauna gida ɗaya, Hausa ta zama harshen kasuwa da masallaci da majalisar samari.

Akara ta wancan zamani tana da gidajen sinima da dama, irin su Rex da Roxy da Orion, Nima kuma tana da nata mai suna Dunia. Finafinan Amurka da Ingila da Indiya ne suka fi yawa, daga baya na kokawar Sin suka shigo. Nkrumah ya so ya karya wannan rinjaye, shi ya sa gwamnatinsa ta gina masana'antar fim ta ƙasa a kan abin da ta gada daga sashen fim na Turawan mulki, wanda ya yi The Boy Kumasenu a 1952. Amma abin da take fitarwa bai kai ya cika majigi ba. Da gidajen sinima suka durƙushe a shekarun 1980, saboda matsin tattalin arziki da dokar hana fitar dare, sai ɗakunan kallon bidiyo suka gaje su. Masu zane suna zana tallar fim a kan buhun fulawa, sau da yawa ma su ƙara abin da babu shi a cikin fim ɗin. Wannan ita ce kasuwar da Bond ya tarar, kamar sauran jaruman ƙetare.

Masu gida da 'yan kwangila

Ian Fleming, wanda ya yi aiki a sashen leƙen asiri na sojojin ruwan Birtaniya, shi ya ƙirƙiro Bond a littafinsa na 1953. Albert Broccoli da Harry Saltzman suka mayar da shi fim a ƙarƙashin kamfanin Eon, wanda ya fitar da finafinai 25 daga 1962 zuwa 2021. Abin lura shi ne, a wannan gida furodusa ne mai gida, darakta kuwa ɗan kwangila ne. Tun daga farko masu gidan ne suka yanke hukunci mafi girma na siyasa. A littafin From Russia, with Love, abokiyar gaba ita ce hukumar Sobiyet mai suna SMERSH. A fim ɗin 1963 kuwa sai aka ɗora laifin a kan SPECTRE, ƙungiyar miyagu marar ƙasa. Ta haka aka rage zafin Yaƙin Cacar Baka, fim ya shiga kasuwanni masu yawa.

Duk da haka hannun darakta yana bayyana. Terence Young, wanda ya yi uku daga cikin huɗun farko, shi ya koya wa Sean Connery sutura da tafiya da zaman teburin manya. Daga gare shi Bond ya gaji izzar jami'in daular da ke ganin duniya duk gonarsa ce. An saki Dr. No a Oktoba 1962, wata biyu bayan Jamaika ta sami 'yanci, amma a cikin fim ɗin tsibirin yana nan a hannun Turawan mulki. Quarrel, baƙar fatan da ke taimakon Bond, an nuna shi mai tsoron dodo, kuma har takalmi aka aike shi ya ɗauko. Gana a lokacin tana da shekara biyar da 'yanci.

Guy Hamilton ya kawo barkwanci da na'urori tun daga Goldfinger a 1964. A 1973 ya yi Live and Let Die, inda aka ari salon finafinan baƙaƙen Amurka da ke tashe. Yaphet Kotto ya fito a matsayin Kananga, shugaban wani tsibiri na ƙage mai fataucin ƙwaya da tsafi. Baƙar fata ya sami babban matsayi a karon farko, amma matsayin mugu ne.

In kiɗa ya sauya

Wanda ya bi jerin daga farko zai ga cewa abokin gaba yana sauyawa da yanayin duniya. A 1977, lokacin da dangantakar Amurka da Sobiyet ta yi sauƙi, Lewis Gilbert ya haɗa Bond da jami'ar Sobiyet suka yi aiki tare a The Spy Who Loved Me. A 1987 John Glen ya nuna mujahidan Afganistan a matsayin abokan Bond a The Living Daylights, domin a lokacin Yamma tana mara musu baya. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, Martin Campbell ya farfaɗo da jerin da GoldenEye a 1995, Judi Dench ta zama shugabar Bond, shekara uku bayan an naɗa mace ta farko, Stella Rimington, shugabar hukumar MI5.

Campbell ya dawo a 2006 da Casino Royale, fim na farko na Daniel Craig. Afirka ta fito tun a farkonsa: sansanin 'yan tawaye a Mbale ta Yuganda, sai kuma tsere a Madagaska, wanda a Bahamas aka ɗauke shi. Nahiyar dai fagen gudu da harbi ce, ba a tsaya jin ta bakin mutanenta ba.

Wanda ya fi kowa karkata akalar siyasar jerin shi ne Marc Forster, a Quantum of Solace na 2008. A nan mugun ɗan kasuwa ne mai fakewa da kare muhalli, yana shirya juyin mulki a Bolibiya domin ya mallake ruwan ƙasar, jami'in CIA kuma ya yarda ya kau da kai saboda yana tsammanin samun man fetur. Labarin yana tuno da boren ruwa na Cochabamba a shekarar 2000. Sam Mendes kuwa ya juya baya ga wannan hanya a Skyfall na 2012, ya koma begen tsohuwar Birtaniya da tutarta, fim ɗin kuma ya tara sama da dala biliyan ɗaya. Masu gida sun ga wace hanya ta fi riba.

Leƙen asirin da ba na fim ba

Abin da Forster ya nuna ba baƙon labari ba ne a Akara. A 1978 John Stockwell, tsohon jami'in CIA, ya rubuta cewa ofishin hukumar a Akara yana da kusanci da waɗanda suka kifar da Nkrumah. Masana tarihi suna ci gaba da muhawara a kan girman wannan hannu, domin masu juyin mulkin suna da nasu ƙorafe-ƙorafe na cikin gida. A 1985 kuma aka kama Sharon Scranage, ma'aikaciyar CIA da ta yi aiki a Akara, bisa laifin ba wa Michael Soussoudis, ɗan'uwan Jerry Rawlings, sunayen masu yi wa hukumar aiki a Gana. Kafin shekarar ta ƙare aka yi musayar Soussoudis da wasu 'yan Gana da aka tuhuma da yi wa Amurka leƙen asiri.

Waɗannan labarai babu mota mai harba roka a cikinsu. Akwai dai akawu da takardu da soyayya da cin amana, da mutanen da suka rasa ƙasarsu. Mazauna Zango sun san ɗacin zama abin tuhuma: dokar korar baƙi ta gwamnatin Kofi Busia, a Nuwamba 1969, ta ba marasa takardar zama mako biyu su fice, ta kuma raba iyalai da yawa da gidajensu. Ɗan kallon da ya tashi a irin wannan unguwa yana iya tafa wa jarumi, amma ya san cewa a taswirar fim ɗin shi yana cikin cincirindon da ake turewa a kasuwa in an biyo mugu.

Daraktan da ya bi ta Gana

A 2014 Cary Joji Fukunaga ya zo Gana ya ɗauki Beasts of No Nation, labarin yaron da aka tilasta wa ɗaukar bindiga, daga littafin Uzodinma Iweala. Idris Elba, wanda mahaifiyarsa 'yar Gana ce, ya fito a matsayin kwamanda. Abraham Attah, yaro ɗan Gana da bai taɓa fitowa a fim ba, ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice a 2015. A 2018 Danny Boyle ya ajiye aikin Bond na 25 bayan saɓani da masu gida, sai aka ba Fukunaga, Ba'amurke na farko da Eon ta damƙa wa jerin.

No Time to Die ya fito a 2021, bayan jinkirin annobar korona. Alamun sauyi a fili suke. Lashana Lynch, 'yar asalin Jamaika, ita ke riƙe da lambar 007 a tsibirin da aka aiki Quarrel ɗauko takalmi. Rami Malek, ɗan asalin Masar, ya bayyana cewa sai da ya sami tabbaci daga darakta cewa ba za a jingina ta'addancin mugun da wani addini ba kafin ya karɓi aikin. Bond kansa ya zama uba, ya kuma mutu. Amma ginshiƙin bai motsa ba: Landan ce ke tantance wane ne barazana, ita ce kuma ke ceton duniya. Daraktan da ya ba yaron Afirka bakin magana a fim ɗinsa na baya bai kawo nahiyar cikin wannan ba.

A 2022 Amazon ta sayi kamfanin MGM, a Fabrairu 2025 kuma Barbara Broccoli da Michael G. Wilson suka miƙa mata ikon tsara jerin. A watan Yuni aka sanar da Denis Villeneuve, ɗan Kanada da ya yi Sicario da Dune, a matsayin darakta na gaba. Tarihin shekara sittin ya nuna iyakar abin da zai iya: darakta yana sauya haske da sauri da fuskar abokin gaba, wani lokaci har ya sa jarumi ya yi shakkar iyayen gidansa, amma mai kuɗi ne ke zana iyakar gona. Samarin Nima da Maamobi yanzu a waya suke kallo, ba a Dunia ba. Tambayar da Nkrumah ya jefa a 1965 kuwa tana nan: in majigi ya haska, wa ake tafa wa, kuma a kan wa?